Baƙon da Zai Karɓi Makulli

Ellery, Nebraska
9 ga Afrilu, 1988

Yaya Lorna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Howard da yaran, kuma ruwan saman Tacoma bai mayar da ku kwaɗi ba tukuna. Mu nan lafiya lau. Shanu sun kusa gama haihuwa, ciyawa ta fara ɗagowa, Darlene tana gaishe ki.

Kin ce in ba ki labarin Baba. Kin yi kuskuren adireshi. Ki rubuta wa Sherif Neil Renner, shi ne ɗan gida yanzu, ni ɗan kallo ne.

Ke ba ki cikin zauren coci ranar da abin ya faru, shi ya sa kullum kike ce mini in manta. Shekara talatin Baba yana Sherif, shugaban masu tsaron doka na gundumar nan, ni ina bayansa a matsayin mataimaki tun gemuna bai fito ba. Da ya zo ajiye tauraron ƙirjinsa, alamar muƙamin, kowa ya san wanda zai gaje shi. Sai ya miƙe a gaban jama'a ya ce su jefa wa baƙo ƙuri'a, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a Turai yana yi wa gwamnati leƙen asiri, wanda ko shekara biyu bai yi a garinmu ba. Ina zaune a layin gaba da sabuwar rigar da Darlene ta goge mini. Tun ranar ban sake taka barandar Baba ba, kuma ban ajiye aikin ba don kada a ce na ji ciwo. Na ji ciwo, Yaya, har yau ina ji.

Ki zo ki ga mutumin. Mai Kunne nake ce masa. In ya shiga shagon kofi na Bev sai ya nemi kujerar da ke jingine da bango ya fuskanci ƙofa, kamar wani zai biyo shi daga Berlin ya harbe shi a kan kek ɗin tuffa. Ba ya bin hanya ɗaya sau biyu, a garin da titunansa ba su kai yatsun hannu ba. In ya yi wa mutum tambaya sai ya yi shiru ya zuba masa ido, har ya gaji ya faɗi abin da ko matarsa ba ta sani ba. Amma a nuna masa karsana da ɗan bijimi a ce ya bambanta, sai ya durƙusa ya leƙa.

Kullum da hantsi yana gidan Baba. Nakan wuce ta wurin a mota, ba don komai ba, in hango su a baranda da kofi a hannu, Baba yana ba da labari yana dariya har da dukan cinya. Yaushe rabon da ya yi irin wannan dariyar da ni? Shekaranjiya muka yi kiciɓis da Baba a ƙofar gidan waya. Ya taɓa bakin malafarsa ya ce, "Sannu, bawan Allah," ya wuce abinsa. Ni ne na koma bawan Allah.

Ga kuma wani abu da ke faruwa. Shanu suna ɓacewa daga makiyaya, uwa da maraƙinta, sai bayan kwanaki a wayi gari sun dawo. An yi wa su Bauer, an yi wa Misis Lindgren. Sukan bugo waya rai a ɓace, Mai Kunne ya je shi kaɗai ya sha kofi da su, daga nan ba ka sake jin uffan. Na tambayi Misis Lindgren, matar da ta goya ni, sai ta ce mini wai wayar shinge ce ta tsinke. Ni na ɗaura wayar nan da hannuna bara. Akwai wanda ake rufa wa asiri, kuma sai na tono shi, ko Baba ya ga wanda ya ƙi da wanda ya zaɓa.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Orrin


Tacoma
18 ga Afrilu

Orrin, sarkin fushi,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Darlene, Allah ya ƙara mata haƙurin zama da kai. Mun gode, ba mu zama kwaɗi ba, amma Howard ya fara kukansu da asuba.

Na karanta wasiƙarka na yi dariya, daga baya na ji tausayinka. Kai da furfura a kai kana laɓewa a mota kana leƙen mahaifinka? Gidan Baba ba ya kan hanyar ko'ina, daga shi sai rafi, kada ka raina mini hankali. Tun muna yara haka kake. Ka tuna ranar da Baba ya ɗora ɗan maƙwabta a kan dokinsa, ka shiga rumbun ciyawa ka ƙi cin abinci har washegari?

Ga abin da nake so ka yi mini. Ka ajiye motar, ka hau barandar nan, ka zauna. Ba sai ka ce komai ba. Ka duba mini firjinsa ko akwai abinci, ka ga ko yana kashe murhu, ka lura da yadda yake tuƙi. Neil ya ce ya rame, amma idon ɗa daban ne.

Maganar shanu kuwa, ka bar ta. Saniyar da ta fita ta dawo da ƙafarta ba a sace ta ba. Masu shanun sun yi shiru, kai me ya yi maka zafi? Ina roƙonka, Orrin, ba umarni nake ba ka ba, ko da yake na girme ka kuma ina da iko.

Ka je wurin Baba a makon nan. Allah ya huci zuciyarka.

Yayarka,
Lorna


Ellery
8 ga Mayu

Yaya Lorna,

Ina gaisuwa. Muna lafiya.

Neil? Yaushe ya zama Neil? Ashe har waya kuke yi da shi, yana ba ki rahoton ramar ubana. To madalla. Saura Darlene ta fara kai masa miya, sai gida ya cika.

Ban je ba, kuma ji dalili. Jiya Asabar aka yi bikin buga wa maruƙa tambari a gonar su Bauer, duk maƙwabta sun hallara kamar kullum. Kin dai san ƙa'ida. Samari ke kayar da maruƙa, gwanaye ke jifa da igiya daga kan doki, ƙarfen wuta kuwa sai dattijon da ake ganin girmansa, kuma wanda dattijo ya miƙa wa ƙarfe kowa ya san abin da ake nufi. Tsoho Bauer ya kira Baba ya fara. Baba ya buga wa maraƙi ɗaya, sai ya ɗago kai yana dube-dube. Ina kan doki dab da shi, igiya a hannuna. Idonsa ya bi ta kaina ya wuce, ya sauka a kan Mai Kunne da ke tsaye can gefe da takalmin birni.

Ya ce, "Zo ka karɓa, ɗana. Ka san yadda na koya maka."

Manyan maza duk suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu, don sun ji mini kunya. Shi kuwa ya karɓi ƙarfen kamar an miƙa masa maciji, ya danna a karkace, hayaƙin gashi ya shaƙe shi yana ta tari. Baba har da tafi. Da aka zauna cin nama da wake sai na ji wai Baba ya ba shi sirdinsa, wanda kakanmu ya zo da shi daga Texas, wanda ko taɓa shi na yi ina yaro sai an daka mini tsawa. Mutumin da in ya hau doki sai dokin ya waiwayo ya dube shi. Na ajiye naman, na kama dokina na tafi.

Amma lokacina ya zo. Kin san gonar da wani kamfani ya saya a arewacin rafi. Manajansu, wani Pruitt, ba ɗan nan ba ne, kofi ba ya rufe masa baki. Shanunsa sun ɓace da maruƙansu da ba a riga an buga wa tambari ba, kuma su ba su dawo ba. Mai Kunne ya ce masa ya ƙara haƙuri. Ni kuwa na ja Pruitt gefe na ce ya kira mai binciken tambari na jiha, har lamba na ba shi. Shi wannan in ya ga abu ya gani ke nan, doka ba ta bar shi ya kau da kai ba, kuma ba a ƙarƙashin Sherif yake ba. Ranar Alhamis zai zo, ni zan zaga da shi.

Ki shirya jin labari. Ki gaishe da Howard.

Orrin


Ellery
12 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki. Ban san ta inda zan fara ba.

Mun fita da mai binciken tun da safe, Pruitt yana biye da mu. Bin sawu dai na iya, Baba ya koya mini. Sawun shanun ya fita ta ƙofar shinge, an buɗe ta an mayar an ɗaure tsaf, ga sawun tayar a-kori-kura a bayansu. Ina gaba ina ta yi wa baƙo bayani ina jin daɗin kaina. Sawun ya gangara rafi, ya haye, ya miƙe kudu. Tun daga nan na san inda hanyar take zuwa.

Tsohuwar makiyayarmu, Yaya, wadda ba a sa ko akuya a cikinta ba tun shekarar da Mama ta rasu Baba ya sayar da garke. Ga shanun Pruitt suna kiwo hankali kwance, an cika musu kwamin ruwa, an ajiye musu gishiri. Maraƙi ya zo yana shan nonon uwarsa. Uwar tana ɗauke da tambarin kamfani, shi kuwa a cinyarsa ta hagu ga sabon ƙuna, harafin V da sanda a ƙarƙashi, tambarin gidanmu. Na danne maruƙa a ƙarƙashin ƙarfen nan tun ban kai tsawon shinge ba.

Sai ga Baba ya fito daga rumfa yana goge hannu, fuskarsa cike da fara'a. Ya kama hannun mai binciken ya kira shi Earl. Earl Dunning da muka binne tun ina makarantar sakandare. Ya ce bana an yi sa'ar maruƙa, shanunsa ne kawai suka cika yawo, kullum sai ya je ya koro su daga gonakin mutane. Ya ce mu shiga gida, Mama ta ɗora kofi.

Mai binciken ya cire malafarsa, ya dube ni, sannan ya ciro takarda ya fara rubutu, don ba shi da zaɓi. Pruitt yana ta faɗin sata ce, sai an kai kotu. Ni na maƙale a jikin mota kamar an kafe ni. Baba ya dube ni sau ɗaya ya kau da kai, ko a wannan halin bai ga abin da zai ce mini ba.

Mutumin da ya yi shekara talatin yana kama ɓarayin shanu, yau ɗansa ya kawo wanda zai rubuta shi a cikinsu. Na ajiye tauraron a kan teburin Renner na dawo gida. Darlene ta ce kin yi ta bugo waya tun hantsi. Ba zan iya magana ba. Kin sani, ko? Duk garin nan sun sani, ban da ni.

Orrin


Tacoma
12 ga Mayu

Ƙanena,

Ina gaishe ka da sauri. Yanzun nan wasiƙarka ta iso, na yi ta buga waya, Darlene ta ce kun fita. Na san na makara, amma gara ka ji daga bakina.

Shekara biyu da suka wuce Baba ya kira ni na raka shi asibiti a Omaha, muka ce maka ciwon gwiwa ne. Likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta fara zubewa, kuma ba ta da magani. A hanyar dawowa ya sa na rantse ba zan gaya maka ba. Na ce to kujerar Sherif fa, ai Orrin ne zai hau. Ga amsarsa yadda ya faɗa:

"Wata rana dole mai tauraro ya zo gidana ya karɓe mini makullin mota da bindiga. Ni na yi wa tsofaffi da yawa, na san yadda suke kallon wanda ya karɓa har su mutu. Ba zan so in yi wa ɗana wannan kallon ba. Gara baƙo."

Dalilin ke nan, babu wani. Na ce masa za ka ji ciwo, ya ce fushinka ba ya wuce kwana biyu. A nan ya yi kuskure, ni ma na yi, da na riƙe alkawari har ya ruɓe a hannuna. Su Bauer da Misis Lindgren Neil ne ya roƙe su su rufa asiri, shi yake bi ya mayar da shanun kafin magana ta fita.

Ina nan tafe da zarar na samu jirgi. Kada ka yi wani abin kafin in zo.

Yayarka mai ƙaunarka, duk da taurin kanka,
Lorna


Ofishin Sherif, Ellery
19 ga Mayu

Zuwa ga Mataimaki Orrin Haskell,

Ina gaishe ka, ina gaishe da uwargida. Na zo gidanka ba ka buɗe ba, shi ya sa na rubuta.

Lauyan gunduma ya ga takardar likita. Ya yarda ba za a kai mahaifinka kotu ba, kamfanin ma ya janye, bisa sharaɗi ɗaya. Kafin ƙarshen mako mai zuwa jami'i zai je ya karɓi makullin motarsa da bindigarsa da ƙarfen tambarinsa.

Akwai abin da ya kamata ka sani. A tsohon aikina nakan sa mutum ya ba ni labari ɗaya sau da yawa. Maƙaryaci yakan ƙara wa labarinsa kaya. Na mahaifinka raguwa yake yi, yau babu sunan dokin, gobe babu sunan rafin. Da haka na gane halin da yake ciki tun kafin yayarka ta gaya mini, shi ya sa nake zuwa kullum.

Tun bara yake kirana Orrin. Ranar farko na buɗe baki zan gyara masa, sai tsohon hali ya riga ni. A aikinmu duk sunan da aka kira ka da shi amsawa kake yi, muddin mutum zai ci gaba da magana. Na amsa. Dariyar da kake hangowa daga mota, labarin ranar da ka fara jifa da igiya ka kamo ƙafar Fasto yake ba ni, yana tambayata ko na tuna. Ƙarfen da ya miƙa a gonar su Bauer kai ya miƙa wa. Mutanen da suka sunkuyar da kai sun san haka. Sirdin yana nan ofis, ban taɓa hawansa ba.

An koya mini cewa ɓoye magana shi ne kare mutum, na yi aiki da shi a inda bai dace ba, na zauna a kujerar da take taka. Ka yafe mini in za ka iya.

Yanzu ga matsalar. Ya tsayar da ni ne don baƙo ya karɓi makullin. In na je na karɓa, a wurinsa ɗansa ne ya karɓa. Tauraronka yana inda ka bar shi.

Naka cikin girmamawa,
N. Renner


Ellery
24 ga Mayu

Yaya Lorna,

Ina gaishe ki, ina fata zazzaɓin Howard ya sauka ki samu tahowa.

Na je yau da safe, da tauraro a ƙirji. Yana baranda. Ya miƙe ya ba ni hannu, ya tambaye ni ko ni ne sabon jami'in da aka kawo. Na ce ni ne. Na faɗi abin da ya kawo ni, ina jiran ya zage ni.

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ya gaya miki. Na gan shi, Yaya, ba shi da daɗi. Sannan ya shiga ciki ya fito da bindigar da ƙarfen, ya ciro makullin daga aljihu ya sa mini a tafin hannu.

Ya ce, "Na gode Allah da kai aka turo. Kada ka gaya wa Orrin. Yana da hayaniya, amma zuciyarsa ba ta da ƙashi, abin zai dame shi."

Na ce ba zan gaya masa ba.

Ya zuba mini kofi, ya ba ni labarin ɗansa har kofin ya huce. Wai duk gundumar nan babu mai bin sawu kamarsa. Can sai ga motar Renner, Baba ya miƙe fuskarsa ta washe, ya ce mini ga ɗan nasa nan, in gan shi da idona. Na tashi na ba Renner kujerar. Ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu in na ga yadda yake dafa kafaɗar mutumin nan sai kishi ya taso mini.

Da zan tafi ya ce in riƙa leƙowa, na yi masa kama da mutumin kirki. Gobe da hantsi zan koma. Renner ya ce motarsa tana ba shi matsala, zai makara.

Sai kin zo.

Ƙaninki,
Orrin